Kafin takobi ya iso garinku: a fara da ruwa da ma'aikaci, fenti ya biyo baya



Duk shekara, da zarar an faɗi jihar da za ta karɓi kokowar takobi, wanda ke fara cin kasuwa a garin shi ne mai sayar da fenti. Ku lura ku gani. Otal-otal da gidajen saukar baƙi za su tashi tsaye, a shafe katangar waje, a sabunta suna a allo, a rataya fitilu masu launi a bakin ƙofa. Wanda ya wuce bisa kabu-kabu zai ce masha Allah, gari ya shirya. To a shiga ciki a murɗa kan pampo. A tambayi yaron da ke shara nawa za a biya shi. A buɗe firigon kicin a shinshina. Nan ake gane ko shiri aka yi ko kwalliya.

Abin da ya sa nake wannan magana, ya taɓa faruwa da ni. Wata shekara na bi ƴan garinmu zuwa kallon kokowa a wani gari da ba zan faɗi sunansa ba, don abin da na gani can zai iya faruwa a kowane gari namu. Sati uku kafin tafiya na kira wani masauki, muka daidaita kuɗin ɗaki, na aika da kafin alƙalami. Muka wuni bisa hanya, muka iso bayan isha'i, ƙura har cikin kunne. Mai karɓar baƙi ya duba littafinsa, ya dube ni, ya ce, "Alhaji, sai haƙuri, manya sun zo daga Yamai, an ba su ɗakin." Na ce to ni fa? Ya ce akwai wani a baya, amma kuɗinsa ya ninka. Ashe ɗakin ajiyar kaya ne aka share aka jefa katifa. Na karɓa, don dare ya yi kuma babu inda zan nufa.

Da asuba na ji ana ƙwanƙwasa ƙofa. Wani yaro ne da bai wuce shekara 16 ba, da bokiti a kowane hannu, riga ɗaya a jikinsa cikin wannan sanyi na hunturu. Ya ce, "Baba, ga ruwa, pampo ba ya zuwa." Na ce, samari, tun yaushe kake tsaye? Ya ce tun jiya da hantsi. Na ce nawa ake biyanka? Sai ya yi ƴar dariya ya ce, "Mai gida ya ce in an ƙare kokowa za ya san abin da za ya ba mu."

Ɗakin da aka ƙwace mini na daɗe da yafewa. Maganar yaron ce ta tsaya mini a rai har yau.

Kokowar nan ba ƙaramin abu ba ce. Tun 1975 da aka fara ta a Tawa, Kantu na Maraɗi ya ɗauki takobin farko, ta zama taron da ya fi kowane haɗa ƴan Nijar wuri ɗaya. Jihohi takwas, kowace da ƴan kokowa goma, ga masu horo, ga makaɗa da maroƙa da ƴan cali-cali, ga malamai da bokaye, ga ƴan jarida, ga ƴan kasuwa masu neman a ambaci sunansu a fili, ga ƴan uwanmu da ke tsallakowa daga Katsina da Sakkwato da Kano. Kusan kwana goma ana cika fili, ko filin Kantu ne a Maraɗi, ko Langa-Langa a Damagaram, ko Hamidin Maidare a Tawa, ko Salma Ɗan Rani a Doso. Da yawan waɗannan mutane wannan ne zuwansu na farko garin, kuma abin da za su koma da shi gida ba jawabin gwamna ba ne. Inda suka kwana da abin da suka ci, shi za su ba da labari.

Kuma ba kokowa kaɗai ba. Hawan sallah a Damagaram, mauludi a Kiota, taron makiyaya na Ingal cikin watan Satumba, bukukuwan aure bayan an kai amfanin gona gida, duk lokuta ne da baƙi ke yi wa gari yawa. Mun kuma ga bukin 18 ga Disamba mai zagaya jihohi: Doso Soga a 2014, Maraɗi Kwalliya a 2015, Agadas Sokni a 2016, Tawa Sakola a 2017, Zinder Sabuwa a 2018. An yi hanyoyi, an yi gine-gine, ba mu musa ba. A Yamai kuwa taron Tarayyar Afirka na watan Yulin 2019 ya zo da manyan otal irin su Radisson Blu da Noom da Bravia. Ɗakuna sun ƙaru a ƙasar nan. Abin da bai ƙaru ba shi ne ɗabi'ar zama a yi lissafi wata biyu kafin baƙo ya zo.

Ban zo in ci mutuncin masu otal ba, na san halin da suke ciki. Tun bayan watan Yulin 2023 da takunkumin da ya biyo baya, baƙin waje sun ragu, tarurrukan ƙungiyoyi da ke cika musu zaure sun ja baya, alhali lanho da patanti da kuɗin wuta da albashi ba sa jiran kowa. Mutumin da ya yi wata da watanni ɗakunansa a rufe, in ya ga kwana goma na cunkoso, dole ya so ya fanshe. Ba laifi ba ne farashi ya tashi lokacin buƙata. Rago ma yana tashi in layya ta gabato, ba wanda ya kai mai rago ƙara. Amma mai ragon da ya karɓi kuɗinka, kana juya baya ya sayar wa wani don ya fi ka rawani, wannan sunansa daban. Ƙarin kuɗi na gaskiya shi ne wanda aka rubuta, aka manna a bakin ƙofa tun kafin taro, kuma ɗan Gaya da ɗan Gure da babban ma'aikaci daga Yamai duk shi za su biya. Wanda ake yankawa bayan an duba takalmin mutum da motar da ta sauke shi, wannan ba farashi ba ne.

Kuma tun da baƙin waje sun ragu, wa ya rage? Mu ne. Ɗan kasuwa daga Konni, malamin makaranta da aka turo gyaran jarrabawa, dangin ango, direban babbar mota. Baƙon gida shi ne kasuwar yanzu, shi ne kuma mai dawowa in an kyautata masa. Mu bakwai muka sauka a masaukin nan da na ba ku labari. Mun sha komawa garin bayan haka, babu ɗayanmu da ya sake taka ƙofarsa.

Mu koma ga ruwa, don nan ne rashin shiri ke fita daga otal ya shiga gidajen talakawa. A ɗauki masauki mai ɗaki 20. Lokacin taro kowane ɗaki mutum biyu ne aƙalla, mutum 40 ke nan. A ce kowa zai yi amfani da lita 50 a wuni, tsakanin wanka da alwala da ban-ɗaki. Lita 2,000 ke nan, wato bido 80 na lita 25, ba a sa na kicin da na wankin zannuwan gado ba. Wannan lissafi ɗan aji shida zai yi shi. Amma masaukai nawa ne ke da tankin da zai riƙe su ko da kwana biyu in pampo ya ɗauke? Mutanen Damagaram sun fi kowa sanin zancen. Gari ne bisa dutse, ruwansa daga nesa ake jawo shi, daga Gogo-Macaya da Arunguza da Ganaram, kuma ko ba baƙo akwai unguwannin da mata ke raba dare suna jiran pampo. In baƙi dubbai suka sauka, otal ɗin da bai tanadi ruwa ba zai aika a tare ƴan ga-ruwa tun daga bakin hanya, ya ba su abin da matar unguwa ba za ta iya bayarwa ba. Kuɗin bido ya tashi, kurar da ta saba shiga lungu ta daina shiga. Ita ba ta je kallon kokowa ba, ba ta kwana a otal ba, amma ita ke biyan kuɗin sakacin wani. Kuɗin fentin katanga ɗaya, da tanki aka saya da shi, da an rage mata wannan wahala.

Wuta ma haka. Kowa ya san a da yawancin kuran ɗinmu daga Najeriya yake zuwa, kuma mun ɗanɗana yadda abin yake a watan Agustan 2023 da aka katse shi. Wanda ke da injin wuta ya tayar da shi sati biyu kafin taro, ya kunna komai na gidan a kansa ya ga ko zai ɗauka, ya ajiye gazuwal, ya san lambar makanike. Sannan a tuna lokacin da ake ciki. Kokowa cikin hunturu ake yin ta. Baƙon Disamba bai damu da kilim ba, ruwan zafi yake so da asuba, da bargo mai tsabta, da tagar da ke rufuwa don ƙura. Na ga masaukin da ya ci bashi ya sa kilim sabo a kowane ɗaki, ba bargo ko ɗaya.

Yanzu ga inda na fi so mu tsaya, wato mutanen da ke yin aikin. In taro ya zo, kowane masauki da gidan abinci yana ɗaukar ƙarin hannu: samari masu ɗaukar kaya da ɗebo ruwa, ƴan mata masu kai abinci, mata masu wanke-wanke da wanki, masu gadi. Yawanci ana kiran su ne ana gobe baƙi za su iso, ta hannun wani ɗan uwa ko maƙwabci, ba takarda, ba a faɗi kuɗi ba, ba a faɗi awa nawa ba. Ana ce musu "ku dai zo, ba za ku yi kuka ba." Su ne za su tsaya tun asuba har tsakar dare kwana goma a jere, su kwana bisa kwali a bayan kicin, su ci abin da baƙi suka rage. In kofi ya fashe a cire a kuɗinsu, kuɗin da ba su ma san adadinsa ba. Ranar da aka ba da takobi, baƙi suka watse, sai mai gida ya fara zancen asara.

Alhali ƙasar nan tana da doka. Mafi ƙarancin albashi jika 42 ne a wata. Ko an raba shi da kwana 30, jika guda da dala 80 ke nan a wuni, kuma wannan na aikin awa takwas ne, ba na wanda ya kwana tsaye ba. Dokar ƙwadago ta san da aikin wucin gadi, ta san da ƙarin awoyi, ta kuma hana sa wanda bai kai shekara 18 ba aikin dare. Ba wani abu sabo muke roƙo ba. A gaya wa mutum kuɗinsa kafin ya ɗauki tsintsiya. A rubuta, ko da a takardar kaye ce, shi da mai gida da shaida ɗaya su sa hannu. A biya shi duk kwana uku ko duk sati, kada a tara sai ƙarshe, don tarawar nan ita ce ƙofar zalunci. A raba aikin kashi biyu, masu safe da masu dare. Kuɗin ɗaki ɗaya na dare ɗaya a lokacin taro ya isa ya biya yara da yawa ladan wuninsu. Wanda ya ce bai iya ba, ya duba littafinsa da kyau.

Akwai kuma maganar da ba a son yi, ta ƴan matan da ake ɗauka aiki a irin wannan lokaci. Wasu ɗalibai ne masu neman kuɗin littafi cikin hutun Disamba. Ana tura yarinya ita kaɗai ta kai abinci ɗakin baƙo ƙarfe goma sha ɗaya na dare, in ta dawo tana kuka a ce mata baƙo ne babba, ta yi shiru. In aiki ya tashi ƙarfe ɗaya, ba wanda ya tambayi yadda za ta koma gida. Mai masaukin da ya shirya da gaske yana yanke wannan hukunci tun kafin baƙo na farko ya shigo: namiji ke kai kaya ɗaki da dare, akwai babbar mace da yarinya za ta kai wa kuka, akwai abin hawan da zai mai da su gida, kuma baƙon da ya wuce gona da iri za a nuna masa ƙofa ko wane ne shi. Mai gida, ka ɗauka ɗiyarka ce.

Ko don kasuwar kansa ma ya kamata mai otal ya yi haka. Yaron da bai yi barci ba shi ke mance tukunyar gas a buɗe. Wanda aka kira jiya da dare bai san inda abin kashe gobara yake ba, bai san wace ƙofa ce ta baya ba, wadda sau da yawa ma an sa mata kwaɗo don kada a saci tawul. Kwana uku kacal na koyarwa kafin taro, a biya su ladan kwanakin, a nuna musu yadda ake karɓar baƙo, yadda ake wanke hannu da kayan miya, inda za a ruga da mutum likita in ya faɗi, zai raba gidan da abin kunya mai yawa. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Kicin ba zan daɗe a kansa ba, duk wanda ya taɓa kwana yana zarya ban-ɗaki a garin mutane ya san zancen. Shinkafar safe da ake ɗumamawa da dare, naman da ya narke ya sake daskarewa sau uku saboda ɗaukewar wuta, salatin da aka wanke da ruwan da ba a san asalinsa ba. Gara a rage kalolin abinci zuwa huɗu ko biyar da za a iya dafawa sabo, da a rubuta ashirin a takarda. A kuma yi magana da masu kawo kaya tun da wuri. Mai gidan abinci a Maraɗi yana da lambunan Jiratawa a kusa da shi, na Tawa yana da albasar Galmi, ga mata masu fura da nono, ga masu kilishi da cuku. In an ƙulla da su wata guda kafin taro, su sun san abin da za su tanada, shi kuma ya tsira daga farashin ranar tsaka. Amma a biya su a kan lokaci. Kada mai zogale ta zama ita ce bankin mai otal.

Sai zancen alkawari. Kakanninmu sun san sana'ar saukar baƙi tun kafin a san kalmar otal. Fatoma a zango shi ke sauke fatake, ya ajiye musu kaya, ya tsaya musu a ciniki, kuma jarinsa duka amana ce. In ya ci amanar ayari ɗaya, labari zai riga shi isa kasuwa ta gaba. Yau labarin ya fi sauri, kafin baƙo ya fita ƙofa ya riga ya sa a WhatsApp. Wanda ya karɓi kafin alƙalami ya ba da resi, ya rubuta suna da rana a littafi ɗaya, ba uku ba, kuma ɗakin ya zama na mai shi ko wa ya zo. Na san abin da za a ce mini: in tawagar hukuma ta zo, wa ya isa ya hana ta? To ai masu otal ɗin da kansu ke kuka cewa irin waɗannan manyan baƙi su ne ke barin su da takardar bashi, a yi ta bin ofis-ofis wata da watanni. Ka kori wanda ya biya ka tsaba don wanda zai bar maka takarda, sannan ka ce babu kuɗin biyan yara. Masu shirya taro su ma su ji: in kuna son ɗakuna, ku kama su da wuri, a rubuce, da kuɗi a hannu, kamar kowa.

Galibin baƙin kokowa ma ba a otal suke kwana ba. Suna gidajen dangi, da azuzuwan makarantu, da ɗakunan da mutane ke bayarwa haya na kwana goma, da tashar mota. Abincinsu yana hannun mai tuwo da mai shayi da mai tsire a kewayen fili. Waɗannan ma masu saukar baƙi ne, kuma nauyin shirya musu yana kan ma'aikatar magajin gari, wadda ba ta mance karɓar kuɗin wuri a hannunsu. Tun da ana karɓa, a ga abin da aka yi da shi: pampon wanke hannu, ban-ɗakunan da za a riƙa kwashewa, na mata daban, wurin zuba shara, fitila a inda mata ke sayar da abinci da dare. A kuma rubuta sunayen masu ba da ɗakuna haya, don baƙo ya san inda zai kai kuka.

Abin da nake roƙon ƴan wannan tafiya tamu, musamman na jihar da za ta karɓi takobi mai zuwa, kada mu jira sai an gama mu zo nan muna rubuta ƙorafi. Wata biyu kafin taro mu nemi zama da masu otal da gidajen abinci, da magajin gari, da ofishin kula da ƙwadago, da sandikar ma'aikata. Ba da faɗa ba. Mu je da tambayoyinmu a takarda: nawa ne ɗaki kuma ina aka manna shi, ruwan kwana nawa kuka tanada, mutum nawa za ku ƙara ɗauka kuma nawa za ku ba kowannensu a wuni. Wanda ya amsa ya cika, mu sa sunansa a wannan shafi, mu tura masa baƙi. Samari da ƴan matan da za su nemi aikin kuma, ku da iyayenku, kada wanda ya ɗauki bokiti sai an faɗa masa kuɗinsa a gaban shaida.